Na'urar naɗar faifai ta USB a kan Linux: sai da na nemi izini kafin ta yi mini aiki

Na sayi wannan na'ura mai haɗuwa da USB ne domin in kwashe tsofaffin hotuna da takardun aiki in adana su a faifan DVD. Kwamfutar da na ware wa aikin tsohuwa ce mai Linux, wadda na saba shiga cikinta daga wata kwamfutar ta SSH, wato hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa da rubutaccen umarni. A ranar farko na haɗa mata allo don gwaji, na buɗe manhajar naɗar faifai ta K3b, ta gane na'urar nan take, na cika faifai ɗaya mai gigabait 4.7 lami lafiya. Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo kaɗai za a karanta.

Washegari na cire allon, na sake kunna kwamfutar, na shiga ta SSH da asusun da na yi amfani da shi jiya, na ba growisofs, manhajar naɗar DVD da ake sarrafawa da rubutu, umarni, sai aka ce ba ni da izinin taɓa /dev/sr1, fayil ɗin da ke wakiltar na'urar a cikin Linux. Na sauya waya, na sauya kafar USB, har na fara neman kwalin na'urar da niyyar mayar da ita, alhali ba ta da laifin komai. Sai da na duba fayil ɗin da umarnin ls -l na ga cewa mallakar root ne, wato babban asusun mai kula da tsarin, rukunin asusun da aka ba izini a kansa kuma shi ne cdrom, su kaɗai ke da ikon karatu da rubutu, ni kuwa asusuna na buɗe shi ne bayan an girka tsarin, don haka ba ya cikin rukunin. Abin da ya rufa mini asiri a ranar farko shi ne systemd-logind, ɓangaren Linux mai kula da masu shiga kwamfuta, wanda ke ba mutumin da ke zaune a gaban kwamfuta izini na wucin gadi a kan irin waɗannan na'urori, amma ba ya ba wanda ya shigo daga nesa. Da na fahimci haka na ga hikimar abin, domin bai kamata duk wanda ya shigo ta intanet ya iya goge faifan da ke ciki ba, ko da yake saƙon kuskuren bai ba ni ko alamar dalilin ba.

Da farko na yi gaggawar buɗe wa kowa izini da umarnin chmod, abin ya yi aiki har zuwa lokacin da na zare wayar, domin udev, ɓangaren Linux mai kula da na'urorin da aka haɗa, yana sake ƙirƙirar fayil ɗin duk sa'ad da aka haɗa na'urar. Maganin da ya ɗore shi ne in saka asusuna a rukunin da umarnin usermod -aG cdrom haɗe da sunan asusun, sannan in fita daga asusun in sake shiga. Masu amfani da nau'in Linux na Arch su lura cewa a can sunan rukunin optical ne.

Ina murnar an wuce wurin, sai batun suna ya dawo mini da ɓacin rai sabo. Na sa /dev/cdrom a cikin ɗan rubutun umarnina, ashe wannan suna yana nuni ne ga /dev/sr0, wato tsohuwar na'urar cikin kwamfutar mai karatu kawai, ita kuma sabuwar tana zaune da faifai a ciki ba a kula ta ba. Lambobin nan ana raba su ne bisa wadda tsarin ya fara gani, saboda haka na koma ga dogon sunan da ke cikin /dev/disk/by-id, wanda ba ya sauyawa. Bayanan da na tarar a intanet ma sun ƙara rikita ni, domin da yawansu na zamanin kernel 2.4 ne, wato tsohon tsarin Linux, suna maganar abubuwan wancan lokaci kamar ide-scsi da /dev/hdc da lambobi irin dev=0,0,0 na manhajar naɗi ta cdrecord.

Ita kanta na'urar tana naɗi da kyau, kuma duk faifan da na duba bayan naɗi ya karantu. Sai dai takardar da ke cikin kwalin ba ta ambaci Linux ko sau ɗaya ba, wayarta kuma gajera ce ƙwarai, har sai da na ɗora na'urar a kan akwatin kwamfutar, inda rawar da take yi lokacin naɗi ke cika ɗakin da ƙara.