Murhu mai tsimin itace: wata uku muna girki da shi

Jama'a wallahi da farko ban yarda da abin nan ba, maigida ne ya sayo shi ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, nace to an dai sake kashe kuɗi a banza. Ashe ni ce ban sani ba.

Jikinsa ƙarfe ne amma an shafe cikin da yumɓu, yumɓun ne ke riƙe zafi, ga 'yar ƙofa ɗaya ta saka itace, tukunya kuma zama take daram a kai, iska ba ta samun hanyar kwashe wutar kamar yadda take mana a murhun duwatsu uku. Ɗaurin itacen da muke cinyewa a kwana biyu yanzu sai ya kai mu huɗu, har kara da sassaben darbejiya yana ci, hayaƙi ma ya ragu sosai idona ya huta da hawaye.

Mu nan bakin iyaka ai ba sai an mana bayanin kwararowar hamada ba, rairayi har cikin gona. Tun 2007 Tarayyar Afirka ta fara shirin nan na dasa katangar itatuwa don tare hamada, Jigawa na ciki, amma ana dasawa muna sarewa ina amfanin?

Inda ya gaza, tukunyar tuwon biki ba ta hawa kansa, kuma yumɓun ya ɗan tsage da yara suka watsa masa ruwa yana da zafi, sai da na liƙe da laka. Sannan da sanyi ba ya ba da ɗumi, Inna har yanzu mita take. Maƙwabciyata dai ta riga ta ba da sautun nata.