rsync ko tar da nc: wanne ya fi kwasar manyan fayiloli da sauri?

Malam, ka ce kana da sabobi biyu na Linux da suwic ɗaya ya haɗa, kana son kwashe TB 2 daga tsohuwar zuwa sabuwar, amma scp, manhajar kwafe fayil tsakanin kwamfutoci, ya tsaya a MB 40 a daƙiƙa. Wani ya ce maka ka yi amfani da manhajar rsync, wani ya ce manhajojin tar da nc. Kafin ka zaɓa, fara auna saurin layin.

Layin gigabit 1 a lissafi MB 125 yake ɗauka a daƙiƙa, a aikace kuma wajen 110 zuwa 117. Wato TB 2 zai ci kusan awa 5, ko da me ka tura shi. Da iperf3 ake auna saurin layi: ka buga iperf3 -s a saba ɗaya, iperf3 -c da adireshinta a ɗayar. In ka ga wajen megabit 940, layin lafiya lau. In 94 ka gani, ya sauko zuwa megabit 100, kuma ethtool, mai nuna saurin katin sadarwa, zai tabbatar maka. Sau da yawa kebul ne: gigabit na buƙatar siraran wayoyi takwas ɗin da ke ciki duka, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, don haka guda na tsinkewa sai ya sauko shiru. A haka aikin zai ci kusan kwana biyu, kuma babu manhajar da za ta cece ka.

Tar da nc aikinsu a fili yake. Tar ya tattara komai ya mai da shi zare ɗaya, nc ya zuba a layi ba kullewa, ba tambaya. A mai karɓa ka rubuta nc -l 9000 | tar xf - (wasu nau'o'in nc sai ka sa -p kafin lambar), a mai turawa kuma tar cf - data | nc adireshi 9000 (data shi ne foldar da za ka tura, adireshi kuma na mai karɓa). Inda ya fi ƙarfi shi ne ƙananan fayiloli miliyoyi, saboda ba ya tsayawa ciniki a kan kowanne. Sai dai in wuta ta ɗauke a awa ta huɗu, daga farko za ka koma. Kuma duk wanda ya riga ka shiga ƙofar 9000, nasa za a karɓa.

Shi rsync, Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fito da shi a 1996, lokacin da layuka ke tafiyar hawainiya. Dabararsa ita ce ya kwatanta tsohon fayil da sabo, ya tura abin da ya canza kaɗai. A layin cikin gida irin naka wannan lissafin kan fi turawar kanta cin lokaci, shi ya sa ake sa -W a ce ya tura fayil ɗungurungum. Abin da ya fi cutar mutane kuwa shi ne -z da suke kwafowa ba tare da dubawa ba. Matsewa ce, tana cin furosesa, kuma bidiyo ko zip an riga an matse su. Cire ta. Sannan rsync, kamar scp, ta cikin ssh yake bi, wanda ke kulle bayanai a hanya, kullewar kuma kan ƙwaƙwalwar furosesa ɗaya take hawa. Buɗe top, mai nuna abin da ke cin furosesa, yayin turawa: in ssh ya kai kashi 100, ƙara -e "ssh -c aes128-gcm@openssh.com", wanda ke gudu sosai a furosesa mai AES-NI, wato mai kayan hanzarta kullewa a cikinta. Ina zargin nan ne 40 ɗinka ta maƙale, ko kuma a faifai, wanda iostat zai nuna.

Babban abin da rsync ya fi tar da nc da shi shi ne ci gaba bayan yankewa: duk fayil ɗin da ya kammala, tsallake shi zai yi. Amma a kula, da -W wanda aka yanke a tsakiya daga farko zai sake. In fayil guda ne mai GB 500, bar -W ka sa --partial, wanda ke ajiye rabin da aka riga aka tura.

Ni dai in manyan fayiloli ne a layin gigabit 1, rsync -a zan ɗauka, domin dukansu za su cika layin, tazarar ba ta kai a yi kasadar komawa farko ba. In ƙanana ne birjik, tar da nc tukuna, sannan rsync -a ya bi baya ya cike giɓi.

Kada ka ɓata lokaci kan MTU 9000, wato ƙara girman kowane ƙunshin bayanai da ke bi ta layi. Dole sabobin biyu da suwic su yarda da shi, ribar kuma 'yar kaɗan ce. Haɗa kebul biyu su zama layi ɗaya da LACP ma ba ya ƙara wa turawa guda sauri. In awa 5 ta yi maka yawa, sai katin gigabit 10 a kowace saba, a haɗa su kai tsaye. A nan faifai ne zai riƙe ka: mai juyawa wajen MB 200 yake bayarwa, SSD na SATA 550, sai SSD na NVMe ne ke iya cika layin.