Gidan tarihin Mujahid na Aljes, a gaskiya ya cancanci a je

Duk wanda hanya ta kai shi Aljeriya ya daure ya leƙa gidan tarihin nan da ke ƙarƙashin Maqam Echahid a Aljes, babban birnin ƙasar, wato dogon ginin nan na tunawa da shahidan yaƙin neman 'yanci mai siffar ganyen dabino uku da aka buɗe a 1982. Ni ta lambun shaƙatawa na Jardin d'Essai na bi, na hau motar nan mai tafiya a kan waya, kuɗin shiga ba yawa.

Ciki akwai bindigogi, kakin mayaƙan FLN, ƙungiyar da ta jagoranci yaƙin ƙwatar 'yanci daga Faransa, da hotunan yaƙin 1954 zuwa 1962, har da ɓangaren azabar da Faransa ta gana wa mutane, wallahi jikinka sai ya yi sanyi. Mai jin Larabci ya fi morewa.

Abin da ya kai ni ma rigimar 'yan Facebook ce, kullum ana cewa wane bai taɓa riƙe bindiga a yaƙin ba, takardar shaida kawai ya samo, kuma maganar ba ƙarama ba ce tunda katin mujahid, wato shaidar cewa mutum ya yi yaƙin, na kawo fansho, kuma ɗan takarar shugaban ƙasa da aka haifa kafin Yulin 1942 dole ya nuna ya shiga gwagwarmayar neman 'yancin. Ko tsohon shugaban ƙasar, Bouteflika, da ake wa laƙabi da Abdelkader El Mali bai tsira ba, wasu na cewa a bakin iyaka ya yi zamansa. To nan dai ba za a raba maka wannan gardamar ba, tarihin yaƙin suke nunawa. Ka ware awa biyu, ka je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin.