Kafin ki tura kuɗi a kan awarwaron Navajo mai fairuz da murjani

Jama'a masu sha'awar kayan azurfar nan na ƙabilar Navajo ta Amurka, wato na yankin Arizona da New Mexico, masu shuɗin dutse turquoise da ake ce wa fairuz haɗe da jan murjani, ku tsaya mu yi magana domin kasuwar nan cike take da jabu wallahi.

Dutsen kansa kala uku zaki tarar. Akwai tsantsa wanda ba a yi masa komai ba sai yanka da gogewa, shi ne mai tsada, musamman na ramin Sleeping Beauty da ke Globe a Arizona wanda aka daina haƙo fairuz a cikinsa tun 2012, ko na Nevada irin su Number 8 da Lander Blue. Sai wanda aka ɗura wa roba don ya yi ƙarfi, shi ma dutse ne na gaske fa, yawancin na ramin Kingman a Arizona da ke yawo a kasuwa haka yake. Na ukun shi ne farin dutse howlite da aka rina, ko robar zalla, wannan ko kyauta bana so.

Ni dai da za a tambaye ni, mai sawa kullum ta ɗauki na biyun. Tsantsar yana shan mai, mu kuma ga humra ga turare ga man shafawa ga ruwan alwala sau biyar, a hankali zaki ga shuɗin ya fara komawa kore kina ta tunanin an cuce ki alhali haka halinsa yake. Tsantsa na mai ajiya ne da sawa ranar biki.

Murjanin ne ma aka fi yi wa mutane wayo a kai. Navajo basu da teku, 'yan kasuwa ne ke kawo musu jan murjanin Bahar Rum, irin wanda ake sarrafawa a Torre del Greco ta Italiya, kuma yanzu ya yi wuya ya yi tsada. In kika ga manyan jajaye jawur a farashin banza to kusan ko yaushe murjanin bamboo ne da aka rina, asalinsa fari-fari ne. Gara a ce miki ɓawon spiny oyster ne, wata kawar teku mai ruwan lemo, shi ba ƙarya a ciki kuma maƙeransu na aiki da shi sosai.

Ki juya bayan kayan ki duba, a ga Sterling ko 925, wato alamar azurfa ta gaske, da tambarin maƙerin. Nickel silver ko German silver babu azurfa ko ɗigo a ciki. Tsofaffin kaya dai da yawa basu da tambari, sai dai su sai a hannun dillalin da aka sani.

Sannan dokar Amurka ta 1990 ta hana sayar da kaya da sunan aikin ƙabilun asalin ƙasar irin su Navajo in ba su suka yi ba, shi yasa masu wayo ke rubuta Southwest style ko Navajo style su zille. An sha kama wanda aka ƙera a Filifin ana sayarwa a New Mexico. Ki sa mai kaya ya rubuta miki sunan maƙeri da ƙabilarsa da irin dutsen a rasit, in ya fara kame-kame ki riƙe kuɗinki.