Kujerar fata: ta ainihi ko ta roba?

Ta ainihi fatar saniya ce da aka jeme, kaurinta yakan kai milimita 1 zuwa 1.4. Tana shan iska, kuma laushi take ƙarawa idan ta kwana biyu. Rana ce babbar abokiyar gabarta: in aka ajiye ta dab da taga, maiƙonta zai bushe ta fara tsagewa. A riƙa goge ta da tsumma mai ɗan danshi, a shafa mata man fata duk wata 6 zuwa 12. Ko ta karce, ana gyarawa a sake rina wurin.

Ta roba kuwa yadi ne da aka lulluɓe da siririyar roba. Ta fi araha, ba ta shan ruwa. Sai dai zafi da gumi suna cin robar, ta fara ɓarewa a hannun kujera da inda ƙeya ke jingina. In ta fara, babu man da zai tsayar da ita, shi ya sa ta ainihi ta fi ga kujerar zaman kullum.

Wajen saye, a zuge zif ɗin matashi a duba bayan fatar: ta ainihi gashi-gashi ce, ta roba saƙar yadi za a gani.