Gargaɗi kan ’yar na’urar da ake cewa tana ƙara wa mota ƙarfi ta kuma rage shan mai

Jama’a, don Allah duk mai mota ya karanta, ya kuma tura wa ɗan uwansa. Makon jiya ƙanina ya zo min da wata ’yar na’ura mai girman kwalin ashana, ya saya naira dubu 35 a hannun wani mai talla a shafukan sada zumunta. An ce masa ya soka ta a ramin da ke ƙasan sitiyari, Corolla ɗinsa ’yar Kwatano za ta ƙara gudu, shan mai kuma ya ragu. Mai tallar har da rantsuwa. Ya ce sai an yi tafiyar kilomita 200 kafin na’urar ta “koyi” tuƙin mutum. Kafin kilomitan su cika, ya daina ɗaga waya.

Mun kai wa wani mai gyaran wutar mota ya ɓalle ta a gabanmu. ’Yan fitilu ne uku da ɗan ƙaramin allon lantarki da aka manna su a kai, shi ke nan. Aikinta ta ja wutar batir ta riƙa ƙyaftawa.

Wannan damfara ba yau ta fara ba. A 2017 wani kamfanin tsaron kwamfuta na Faransa, Quarkslab, ya buɗe irin wannan mai suna Nitro OBD2, wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana ƙara ƙarfi da kashi 35 cikin ɗari. Suka tarar ko sashen da zai ba ta damar magana da kwamfutar mota babu a cikinta, kuma ba ta aika wa motar saƙo ko ɗaya. Ramin da ake soka ta shi ne OBD2, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996 domin makanike ya jona kwamfuta ya ga ciwon mota. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kasuwar masu wannan talla ta buɗe a wajenmu, domin sun san inda ke yi wa mutane ƙaiƙayi. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan: direban haya da ma’aikacin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata su ake cuta.

Wani zai ce ai shi ya ga canji. Na yarda ya gani. Wanda ya sa na’ura yana jiran shan mai ya ragu, ƙafarsa ce ke sassauta totur bai sani ba.

To amma akwai hanyoyi biyu na gaskiya na ƙara wa mota ƙarfi, kuma da sunansu ake fakewa, shi ya sa ya kamata a san bambancin. Hanya ta farko ita ce akwatin da ake jonawa a cikin injin, tsakanin na’urorin awo da ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira birenbos. Shi wannan akwati ƙarya yake yi wa ƙwaƙwalwar. A motar dizal, misali, sai ya ce mata matsin mai bai kai ba, ita kuma ta ƙara. Ƙarfi yana ƙaruwa, ana kuma iya cire shi a mayar da mota yadda take. Matsalar ita ce ƙwaƙwalwar na aiki da labarin da ba daidai ba, kuma mai araha daga cikinsu mai kawai yake tuttulawa: baƙin hayaƙi daga salansa, zafi ya ƙaru, nozul ya gaji da wuri.

Hanya ta biyu, wadda ake kira rimaf, ita ce a sake rubuta lissafin da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta: yawan mai, lokacin tartsatsin fulogi, ƙarfin iskar da turbo, wato na’urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ke turawa. A hannun gwani ta fi akwati tsafta, domin komai ana daidaita shi tare. A hannun ɗan koyo kuwa ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Akwai masu yawo da laftof suna sauko da fayil daga intanet, wanda aka rubuta don wata motar, da wani man, a ƙasa mai sanyi, su ɗura a motar da za ta bi hanyar Kano zuwa Maiduguri a zafin Afrilu. Idan wuta ta yanke ana cikin ɗurawa, ƙwaƙwalwar na iya mutuwa, mota ta ƙi tashi sai an sayi wata. Wasu ma ba sa taɓa komai: su goge fitilar gargaɗin da ke kan dashbod, su karɓi kuɗi.

Ga abin da masu talla ba za su faɗa maka ba. Duk hanyoyin biyu a injin mai turbo suke yin tasiri na a zo a gani. Yawancin Corolla da Camry da Accord da ke titunanmu ba su da turbo, iskar da injin ya zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, abin da za a ƙara ɗan kaɗan ne ko da gwani ne ya yi. Kuma ƙarin ƙarfi nauyi ne a kan kuloci da giya da lagireto. Motar da ta yi shekara 15 tana aiki ba ta neman ƙarin kaya.

Idan motarka mai turbo ce kuma lallai sai ka yi, ka je wurin mai shago da za ka iya komawa gobe. Ka sa ya ajiye maka ainihin fayil ɗin motarka kafin ya taɓa komai. Ka tambaye shi ina zai auna ƙarfin kafin aiki da bayansa. In ya fara kame-kame, ɗauki makullinka. Kada ka tura kuɗi ga wanda lambar waya kawai ka sani.

Ƙanina dai mun canza masa fulogi da matatar iska, muka daidaita iskar tayoyi, waɗanda biyu daga ciki sun yi ƙasa sosai. Na’urar tana nan a wurina, duk wanda aka yi wa tallar irinta ya zo ya ga cikinta kafin ya biya.