Ƙwayar duk-a-ɗaya ko ƙari ɗai-ɗai: wanne ya dace da karnukan nan uku?

Malam, tambayarka ke nan a taƙaice: kana da ɗan kwikwiyon Boerboel (jinsin kare ne mai girman jiki) mai wata huɗu da ke cin abincin buhu, da karen gida mai cin tuwo da ɗan abin da aka samo a wajen mahauta, sai kuma tsohuwar karya German Shepherd da tashi ya fara yi mata wuya da sassafe. Mai shago ya nuna maka robar ƙwayar taunawa ta kullum wadda aka jera mata sinadarai sama da ashirin, ya kuma nuna maka man kifi da garin kalsiyam kowanne da robarsa. Kana so ka san wanne za ka ɗauka.

Amsar tana cikin kwanon da kowannensu yake ci. Karnukan nan uku ba abinci ɗaya suke ci ba, don haka ba abu ɗaya suka rasa ba, kuma ɗaya daga cikinsu bai rasa komai ba.

Mu fara da ƙwayar duk-a-ɗayan. Idan ka juya bayan robar, abin da za ka tarar kusan iri ɗaya ne a kowane kamfani: bitamin A, D, E da dangin B, ɗan zink da sinadarin ƙarfe, ɗan gulukosamin saboda gaɓoɓi, ɗigon man kifi, ƙwayoyin halitta masu gyara hanji, wani lokaci har da bitamin C. Sauran jikin ƙwayar gari ne da yis da ɗanɗanon hanta, don kare ya yarda ya tauna. Amfaninta a fili yake: sauƙi. Ƙwaya ɗaya, ka jefa masa, shi ke nan. A ɓangaren bitamin da ƙananan ma'adinai kuwa tana iya cike gurbi da gaske, domin waɗannan kaɗan jiki yake buƙata. Matsalarta tana wajen abubuwan da ake buƙata da yawa. Ƙwayar da nauyinta duka bai wuce giram 3 ko 4 ba, ba ta da wurin ɗaukar su. Kalsiyam giram 1 kaɗai sai an zuba kusan giram 2 da rabi na garinsa, wato ya kusa cinye ƙwayar baki ɗaya. Shi ya sa idan ka duba lambar da ke gaban kalsiyam, sau da yawa za ka ga ba ta taka kara ta karya ba. Bitamin C kuwa ado ne kawai, don kare da kansa yake haɗa nasa a hanta.

Ƙari ɗai-ɗai akasin haka ne. Abu guda ne a robar, amma da yawan da zai yi aiki. Aibinsa shi ne yawan da zai yi aiki shi ne yawan da zai yi ɓarna idan aka ba karen da bai kamata ba. Yanzu mu ɗora su biyun a kan kowane kare.

Kwikwiyon shi ne na fi jin tsoro a kansa. Ɗauko buhun abincinsa ka duba. Idan an rubuta cewa cikakken abinci ne na 'yan kwikwiyo masu girman jiki, bisa ƙa'idar AAFCO ta Amurka ko FEDIAF ta Turai, wato ƙungiyoyin da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi, to an riga an zuba duk bitamin da ma'adinan da yake buƙata, an auna. Ƙa'idar AAFCO ta ce abincin kwikwiyo kada kalsiyam ɗinsa ya gaza kashi 1.2 cikin ɗari, kuma ga manyan jinsi kada ya haura kashi 1.8. Ka ga tazarar ba ta da faɗi. Dalilin wannan iyaka shi ne kwikwiyon da bai kai kamar wata shida ba, hanjinsa bai iya ƙin kalsiyam ba. Babban kare idan ya samu ya ishe shi sai ya zubar da saura, shi kuwa ƙarami zuƙa yake yi kawai. A shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan sun ciyar da 'yan kwikwiyon Great Dane, su ma manyan jinsi ne, abinci mai kalsiyam kashi 3.3, kusan ninki uku na abin da ya kamata, sai ga guringuntsin gaɓoɓinsu ya ƙi zama ƙashi yadda ya dace, ƙafafun gaba suka karkace. Wannan ita ce ainihin cutar da mai kiwo yake gudu lokacin da yake barbaɗa garin kalsiyam "don ƙashi ya yi ƙwari". Garin neman gira a rasa ido. A kan kwikwiyon nan, ƙwayar duk-a-ɗaya asarar kuɗi ce, garin kalsiyam kuma haɗari ne. Kada ka ba shi ko ɗaya. Abin da zai taimaki gaɓoɓinsa shi ne kada ka bari ya yi ƙiba: ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari a ƙarƙashin yatsunka ba tare da ka danna ba.

Haka dokar take ga karya mai ciki, tunda na san wata rana za a zo nan. Ɗura mata kalsiyam kafin haihuwa yana sa jikinta ya saki aikin ciro shi daga ƙashi, sai ta fara shayarwa ka ga tana rawar jiki tana sandarewa.

Karen gida shi ne ainihin mai buƙata, kuma shi ne wanda ba a cika saya wa komai ba. Tuwon masara ko na dawa, ƙanzo, ɗan huhu da tumbi: akwai ƙarfi a ciki, akwai ɗan furotin, amma kalsiyam kusan babu. Nama da kayan ciki cike suke da fosforas, kuma jiki yana so kalsiyam ya yi daidai da fosforas ko ya ɗan fi shi. Idan ba a samu haka ba, sai jiki ya riƙa ranto kalsiyam daga ƙashi. A babban kare abin yana tafiya a hankali, a ƙarami kuwa makonni kaɗan ka ga yana ɗingishi, ƙashi na karyewa da ɗan tsalle. Ga kuma hatsi da waken suya suna da wani sinadari da ke riƙe zink ya hana shi shiga jiki, wanda ke jawo gashi ya dushe, fatar gefen ido da baki ta yi ɓawo. Kada ka ɗauka namu ne kawai. A 2013 Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta auna tsarin girkin abincin kare guda 200 daga littattafai da intanet, kashi 95 cikin ɗari sun gaza a sinadari aƙalla guda.

To a nan ƙwayar duk-a-ɗaya tana da rana, amma rabin aikin take yi. Za ta ba shi zink da bitamin D da E. Bitamin D yana da muhimmanci, don kare ba kamar mutum ba ne, kwanciya a rana ba ta samar masa da isasshe, sai daga abinci. Kalsiyam ɗin kuwa sai ka kawo daban, kuma ba sai ka saya ba. Tara ɓawon ƙwai, ka tafasa, ka shanya ya bushe ƙarau, ka daka a turmi ka tankaɗe har sai ya yi laushi, ba ka jin tsakuwa-tsakuwa idan ka murza. Ɓawon babban ƙwai ɗaya yana ba da kusan ƙaramin cokali guda, kalsiyam ɗin ciki wajen giram 2. Kare mai kilo 15 zuwa 20 kusan giram 1 yake buƙata a rana, rabin cokali ke nan a cuɗa a tuwo. Ƙara masa dafaffen ƙwai, da 'yar hanta sau ɗaya ko biyu a mako. Na ce 'yar hanta, don bitamin A taruwa yake a jiki. Ƙwan kuma a dafa shi, saboda ɗanyen farin ƙwai yana riƙe ɗaya daga cikin bitamin B. Dafaffen ƙashin kaza ba hanyar kalsiyam ba ce, tsagewa yake yi ya huda hanji. Miyar gidan ma a yi hattara da ita: albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, dafaffu ko ɗanyu.

Sai tsohuwar. A nan ne tallan ya fi ƙarfi, don kowace roba mai hoton tsohon kare gulukosamin da kondiroyitin take ɗauke da su. Na farkon daga ɓawon jatan lande da kaguwa ake samunsa, na biyun daga guringuntsin sa ko alade ko kifin shak, ga wanda hakan ya dama sai ya duba. Ba su cika cutarwa ba, amma hujjar amfaninsu ba ta da ƙwari. A 2022 masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ciwon gaɓoɓin karnuka da kyanwoyi, suka tarar da cewa haɗin nan biyu bai rage ciwo ba, man kifi kuwa ya rage. Ni da kuɗina, man kifi zan saya.

Sai dai a nan ma lamba ce ke magana. Abin da ke aiki a man kifi abu biyu ne, EPA da DHA. Ƙwanson da aka rubuta wa miligiram 1,000 a gaba, galibi EPA 180 ne da DHA 120, jimla miligiram 300. Don ciwon gaɓoɓi likitoci kan kai miligiram 70 zuwa 100 na jimlar EPA da DHA a kowane kilo na nauyin kare, wato karya mai kilo 30 za ta nemi 2,100 zuwa 3,000 a rana. Kwatanta wannan da ɗigon da ke cikin ƙwayar duk-a-ɗaya ka ga ba a ma kama hanya ba. A fara da kaɗan ana ƙarawa, in ba haka ba zawo zai biyo baya, kuma likitan dabbobi ya tsayar maka da adadin bayan ya ɗora ta a sikeli. Man hantar kifi daban ne, kada a yi musu kuɗin goro: shi yana ɗauke da bitamin A da D masu yawa, idan ka ba da shi a wannan adadin ka wuce gona da iri. Yawan bitamin D ƙoda yake kashewa. A farkon 2019 kamfanin Hill's sai da ya janye abincin gwangwani na karnuka daga kasuwa saboda wannan. Idan ƙwanson ya yi tsada, dafaffen kifin Titus da aka zare wa ƙaya yana taimakawa ƙwarai.

Zafinmu ma yana cikin lissafi. Man kifin da ya yi watan Afrilu a kan kanta a Kano ko Sakkwato, ba wuta ba firji, yana iya lalacewa tun kafin ranar da aka buga a jiki. Huda ƙwanso ɗaya ka sansana. Ƙarnin kifi ba laifi, amma idan ka ji wari mai ɗaci kamar na tsohon fenti, mayar masa da kayansa. Ƙwayoyin gyaran hanjin nan su ma masu rai ne, zafi na kashe su. Ko a Kanada mai sanyi, wani bincike na Jami'ar Guelph a 2011 ya duba iri 25, biyu kacal suka cika abin da ya kamata. Suna da amfani na 'yan kwanaki bayan zawo, amma ba zan biya kuɗinsu kullum a cikin ƙwayar da ta kwana a shago ba. Duk abin da za ka saya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Bitamin na mutane kada ya shiga kwanonsu. Masu zaƙin nan na taunawa wasu suna da sinadarin da ake rubutawa xylitol, kaɗan daga cikinsa yana faɗar da sukarin jinin kare ya lalata hanta. Na masu juna biyu kuma sinadarin ƙarfensu ya yi wa kare yawa.

Kafin ka koma shagon, ɗaga leɓen karen gidan ka dubi dasashinsa, ka kuma leƙa cikin kunnuwansa da tsakanin yatsu don neman kaska. Idan dasashin ya yi fari maimakon ja-ja, yawanci tsutsar ciki ce ke shan jininsa ko cutar da kaska ke sawa, kuma babu ƙwayar ƙarin jini da za ta riski wannan. Wannan na asibitin dabbobi ne, a duba kashi da jini, a haɗa da allurar haukan kare idan lokacinta ya yi. Idan dasashin lafiya lau, sayi ƙaramar robar duk-a-ɗaya dominsa shi kaɗai, man kifi domin tsohuwar, garin kalsiyam kuma ka bar wa mai shago abinsa.